Bigul da Baset a Bikin 'Yar Makcik

Ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar mai gidan da muke haya a unguwar Cheras ta Kuala Lumpur ba. Mun daɗe da dawowa gida, amma har yau in abin ya faɗo min ina tsakiyar girki sai in ji ina salati ni kaɗai.

A shekarun dubu biyu da 'yan kai ne Malam ya samu tallafin gwamnati ya tafi Malesiya yin digiri na uku, ya ɗauke ni da 'yarmu Ummi. Ni iyakar karatuna firamare. Turancina na cefane ne, Malay ɗina ma a kasuwa na tsince shi, don haka duk maganar da za ku ji na kawo a nan da guntun wannan da guntun wancan aka yi ta, ni ce na mayar muku da ita Hausa.

Wanda bai taɓa neman gidan haya a Kuala Lumpur da baƙar fata ba, ba zai gane darajar gidanmu ba. A waya a ce maka akwai, ka je a kalli fuskarka a ce yanzun nan wani ya kama. Sai da ƙafarmu ta gaji sannan wata dattijuwa Bamalaya ta ba mu ƙaramin gida a layinsu, saboda ta ga hijabina ta kuma ji sallamar Malam. Makcik muke ce mata, kamar a ce gwaggo. Nata gidan yana bakin layin. A shekarar da nake ba ku labari, wa'adin hayarmu ya kusa cika, Malam yana rubuta ƙarshen kundinsa, kuma a bakin Makcik kaɗai yake ko mu ci gaba da zama ko mu koma yawon neman gida. Malam ya sha gaya min, "Maman Ummi, matar nan ki riƙe ta kamar ƙwai."

Ba ni ce za a yi wa wannan gargaɗin ba. Ni irin mutanen nan ce da in sun kulle ƙofa sai sun dawo daga bakin titi sun sake taɓa ta. In na yi alwala na yi kokwanton kunne, sabuwa nake yi. Ganyen bishiyarmu ya faɗa harabar wani, sai na ba shi haƙuri. Duk hanyar da fitina za ta bi ta shigo na tsare ta, sai bakina da na manta.

Maƙwabciyarmu ta hannun dama Madam Lim ce, 'yar asalin Sin, mace mai kirki da ƙarar murya. Gajeren shingen ƙarfe ne tsakaninmu. 'Ya'yanta sun dame ta sai an sai musu kare, shi ne ɗan'uwanta mai kiwon karnuka ya kawo mata guda biyu a hutun makaranta, ya ce ta gwada, ta riƙe ɗaya ta mayar da ɗaya. Ina shanya na gan su. Madam Lim ta ce dukansu karnukan farauta ne a ƙasar Turawa, wannan bigul, wancan baset.

Na dube su, dariya ta taso min. Bigul ɗin dai da dama-dama: fari da ja da baƙi, jela a sama, hanci a ƙasa, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Amma baset ɗin, jama'a, kamar an ɗauko babban kare an manta ba a sa masa ƙafafu ba. Kunnuwa na sharar ƙasa, fata ta yi masa yawa kamar rigar aro, idanu jajaye a langaɓe kamar wanda ya dawo daga ta'aziyya. Sai na ji bakina ya ce, "Wannan ne zai yi farauta? Ni fa a gidan maharba na tashi."

(Ba ƙarya na yi ba. Babanmu maharbi ne a ƙauyenmu, gab da dajin Falgore. Sai dai rabona a farautar shi ne kai wa karnuka ɗumamen tuwo da ya kwana. Ko bakin daji ban taɓa zuwa ba. Wannan ɓangaren ne ban fassara wa Madam Lim ba.)

Ta tafa hannu. "Sista, ke za ki zaɓa min lah. Wanda zai zauna da yara, ba ɓarna, yana jin magana. Boleh?"

Boleh a bakinsu shi ne "zai yiwu", ko "ya halatta". Na ce, "Boleh."

Kafin in ƙarasa shanya na fara nadama. Shawara amana ce. In na zaɓa mata wanda zai ciji yaro fa? In na zaɓi wanda zai gudu mota ta taka shi, alhakin yana kan wa? Shin ma ya halatta in sa baki a kan karen da ba gadi zai yi ba, ba farauta ba? Na kai wa Malam ƙara yana tsakiyar takardunsa.

Ya cire gilashi ya ce, "Ba ke za ki ajiye shi ba, wannan ba laifinki. Amma ki saurare ni. Mu Malikawa ne, a wajenmu kare mai rai ba najasa ba ne. Mutanen nan Shafi'awa ne. Yawun kare ya taɓa musu abu, sai sun wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Makcik ta ga kina shafa kare, ta gama da mu. Ki ce wa matar nan ba ki sani ba."

Shawara mai kyau. Amma na riga na ce boleh, kuma saɓa alkawari alamar munafunci ce. Sai na samo wa kaina mafita irin ta masu yawan tunani, wadda ta fi kowacce muni: zan cika alkawari, amma a lungun bayan gida inda ba mai gani.

Na sayi katin waya na kira Yaya Ado, wanda ya gaji Baba a sana'ar. Na kwatanta masa karnukan.

Ya ce, "Ke Auta, mai dogon kunnen nan a fara yanke masa kunnuwa, ƙaya za ta kama shi."

"Yaya, ba daji za shi ba. Wasa zai riƙa yi da yara."

Ya ce, "Wasa? Da kare? Wane irin gari kuka je?"

Daga baya dai ya ba ni ilimin. In ɗaga kare ta ƙeya, in ya yi kuka rago ne. In buɗe bakinsa, in ganɗarsa baƙa ce to jini ne mai kyau. Sannan babban abin: "Karen ƙwarai shi ne mai amsa kira. Ya ji kiran mai shi, ko nama ne a bakinsa, ko katanga ce a gabansa, ya taho. Wanda bai da wannan, tuwonki kawai yake ci."

Haka muka fara, ni da Madam Lim, da hantsi bayan Malam ya tafi makaranta. Ina sa safar roba ta wanke-wanke da wani tsohon hijabi da na ware wa aikin. Na ɗaga bigul ta ƙeya, ya kaɗa jela yana neman lasar hancina. Na zo ɗaga baset, fata ta yi ta biyo hannuna, karen yana nan a ƙasa yana kallona. Da na kawo maganar yanke kunne, Madam Lim ta rungume kansa ta ja da baya, sai na ce wasa nake yi. (Wannan ƙaryar na yi mata istigfari.)

A gaskiya in zama da yara ake nema, da ido ma an ga amsa. Baset yara su hau shi, su ɗaure masa kunnuwa a ka kamar ɗankwali, ba ya ko motsi. Aibinsa yawu da wari da taurin kai. Bigul kuwa ya cinye takalmi ɗaya, ya haƙe tukunyar fure, in ya ɗaga kai ya yi wannan dogon kukan nasa har layin baya ana ji. Amma ni 'yar maharbi ce, ai ba zan tsaya a abin da kowa ke gani ba. Sai an yi gwajin kira.

Baba da fito yake kiran karnukansa. Mace kuwa ba ta fito. Kakarmu in ta ji yarinya ta tsuke baki, da bayan hannu take gyara mata shi, kuma har na girma ban iya karya wannan dokar ba ko a ƙasar wasu. Abin da na iya shi ne guɗa. A ƙauyenmu in ana biki ni ake turawa gaba. Sai na ɗan kama hanci na yi 'yar ƙarama, ƙasa-ƙasa, in kare ya zo in ba shi dambun nama. Dambun da na yi wa Malam ne don ya riƙa tafiya da shi ɗakin karatu.

Bigul tun ranar farko ya gane. Kafin in sauke hannu ya iso. Baset sai ya ɗaga ido ɗaya, ya yi nazari, ya miƙe kamar mai ciwon baya, ya iso bayan an cinye. Kullum haka. Wata rana Malam ya leƙa robar dambu ya ce, "Ɓera muke da shi a gidan nan?" Na ce, "Ba ɓera ba ne, Malam." Bai ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara bayani ba.

Na yanke hukunci da murya irin ta masana. "Madam Lim, bigul za ki riƙe. Wancan matashin kai ne mai numfashi." Ta ce to, bayan bikin gidan Makcik za ta mayar da baset.

Ana saura 'yan kwanaki biki Makcik ta zo da kanta. Ta taɓa jin guɗata a wani suna da matan ɗalibanmu suka yi a gidana, tun kafin zuwan karnukan, abin ya burge ta. Ta ce, "Mak Ummi, wannan kukan farin cikin naku, ki yi wa 'yata in ango ya iso. Dangin mijin daga nesa suke, ina so su ga muna da baƙi na ƙasar waje. Boleh?"

Kun san amsar da na bayar.

Na yi ta saƙe-saƙe a kan bikin nan. Wace atamfa zan sa da ba za ta fi ta uwar amarya ba? In na ci da yawa a ce 'yan Afirka mayunwata ne, in na ci kaɗan a ce na raina abincin. In muryata ta sarƙe fa? In tsofaffi suka firgita fa? Babu abin da ban hango ba. Karnukan dai ko sau ɗaya ba su zo min a rai ba, domin a lissafina waccan ƙaramar ta lungu daban, guɗar biki daban. Ban tambayi ra'ayin bigul ba.

Su bikinsu da rana ake yi, a kan titi. An toshe layin da rumfuna, an jera tebura, an shimfiɗa jan kafet tun daga bakin rumfa har kujerun amarya da ango. Shinkafa mai ƙamshi, naman rendang mai yaji da ruwan kwakwa, jan lemo a manyan kofuna. Malam ya sha farar shaddarsa ta Sallah yana cikin maza. Ni ina gefen kafet tare da Maman Khalifa, matar wani abokin karatunsa, mai digiri da kaifin baki. Can sai ga ayarin ango, samari na buga 'yan gangunan hannu. Makcik ta kalle ni ta gyaɗa kai.

Na gyara tsayuwa, na kama hanci, na sake ta gaba ɗaya. Ban taɓa yin mai kyanta ba. Ta rufe gangunan, ta bi layin har ƙarshe. Mutane suka juyo suna murmushi, wani ya ɗaga kyamara.

Sai aka amsa min daga tsakiyar layin. Dogon kuka, mai daɗin rai.

A daidai lokacin ne Madam Lim ta buɗe ƙofar gidanta za ta taho bikin, don ita ma an gayyace ta. Ta tsakanin ƙafafunta ya fice. Na hango farar jelar nan tana tahowa, na ce a raina, ya Allah ka sa ya wuce. Ya ratsa ayarin ango. Masu ganga suka watse, mata suka tattare siket suka hau kujeru, wani dattijo ya ɗaga farantinsa sama da kai. Bigul bai kalli kowa ba, bai kalli rendang ba. Ko nama ne a gabansa, ko katanga, in ji Yaya Ado. Ya dira a gabana, ya ɗora ƙafafu a kan atamfata, ya lashe hannuna na dama, ya lashe na hagu, sannan ya zauna tsaf yana jiran dambu.

Wata yayar Makcik ta ce, "Karen waye wannan?"

Ba na iya ƙarya, amma na iya kallon sama. Na kafa wa rufin rumfa ido kamar ina ƙirga ƙarafunansa. Da an bar ni haka, wataƙila a ce tsautsayi ne, kare ya faɗa wa baƙuwa. Sai ga Madam Lim da gudu tana haki, da muryar nan tata da ba ta buƙatar lasifika.

"Sori, sori, Makcik. Kada ku ji tsoro, ba ya cizo. Sista ce ta koya masa. Kullum tana zuwa ta yi masa wannan kukan ta ba shi nama. Ita kaɗai yake ji lah. Ta ƙware sosai, babanta maharbi ne."

Yabona take yi, baiwar Allah.

Maman Khalifa ta matso kusa da kunnena. "Ƙawata, ashe kina da dangi a garin nan ba ki taɓa gabatar mana da su ba?"

Na zaci an gama. Madam Lim ta ɗauke bigul, an fara sauka daga kujeru. Sai ga baset. Tun kiran farko ya taso, yanzu ya iso. Ya shigo a hankali, kunnuwa na jan ƙasa, ya bi ta cikin lemon da ya zube, ya hau jan kafet, ya taka har gaban kujerar amarya, ya kwanta, ya saki yawu. Maza suka kewaye shi. A yi masa tsawa, ya ɗaga ido ɗaya. A tura shi da ƙafar kujera, ya gyara kwanciya. Ba mai iya sa hannu. Madam Lim kuma hannunta cike da bigul.

Limamin da ya zo yin addu'a ya waiga ya ga Malam. Sun saba tattauna mas'aloli a masallacin unguwa. Cikin ladabi ya ce, "Ustaz, ku a mazhabarku ai boleh, ko?"

Haka mijina, mai shirin zama dakta, ya naɗe hannun farar shadda, ya sunkuci kare kamar buhun masara, kunnuwa na reto, yawu na bin aikin wuyan rigar, ya ratsa taro. Da ya zo daidai inda nake bai tsaya ba. Cewa kawai ya yi, "Ashe ba ɓera ba ne."

Makcik ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta yafito ni da yatsa, ba ta taɓa ni ba, ta kai ni famfon gefen gida. Aka kawo bokiti da jar ƙasa a dame. Ta tsaya a kaina tana ƙirgawa da ƙarfi ina wanke hannu, dangin ango da aka so a burge suna leƙe ta bayan rumfa. Ni da nake sake alwala saboda kunne, yau ni ake koya wa tsarki a gaban jama'a.

Da muka koma gida Malam ya jiƙa shaddarsa a baho ya ce, "Ki fara neman kwalaye a kedai." Wato shagon bakin layi, mu fara haɗa kaya.

Washegari da safe na ɗauki buroshi na tafi gidan Makcik ba tare da an kira ni ba. Kafet, ƙafafun kujeru, simintin da baset ya bi, duk na bi su da ruwan ƙasa sannan da ruwa, yadda suke yi. Inda nake kokwanto na sake. (A nan dai halina ya yi rana.) Makcik tana zaune a baranda tana kallona, ba ta ce sannu ba, ba ta ce bari ba. Sai da rana ta take ta ce, "Mak Ummi, wanne kika ce ta riƙe?"

Na sunkuyar da kai. "Mai gudun, Makcik."

"Don zama da yara?"

"E."

Sai kafaɗunta suka fara rawa don dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. Da ta nutsu ta ce, "Ku zauna a gidan. Ki gaya wa Ustaz. Amma kukan nan, ban yarda in sake jin sa a layin nan ba, ko Ummi za ki aurar."

Madam Lim baset ta riƙe. Ta ce bigul ya fi ƙarfinsu, tunda na koya masa, duk motar asibitin da ta wuce da jiniya sai ya nemi tsallake shinge ya bi ta. Ta tambaye ni ko zan zo in koya wa baset wani abu. Na ce ilimina ya ƙare.

Don godiya na soya waina mai kyau na aika wa Makcik a sabon kwano. Kwanon ya dawo da kek a ciki, yadda suke yi, a wanke fes. Sai da na juya shi na ga 'yar jar ƙasa ta maƙale a gindinsa. Haka kowane kwanona ya riƙa dawowa har muka bar ƙasar, kuma ban taɓa samun bakin tambaya ba.

Abin da na koya bai da yawa, amma da tsada na saye shi: duk wanda kika ciyar a lungu, a tsakiyar taro zai zo gaishe ki.